Kafin Ka Tafi Daffo

Ɗana, na ji sunanka ya fito, har ka fara haɗa kayan tafiya Zariya. Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Ba zan hana ka ba, don aikin soja sana'ar maza ce, kuma mu mutanen Bauchi ba baƙin kaki ba ne. Ga 'yan atilare a barikin Shadawanka, ga makarantar tankokin yaƙi a barikin Obienu, kullum tare muke cin kasuwar Wunti da su. Amma ganin soja a kasuwa daban, zama soja daban. Zauna in gaya maka abin da wata shidan nan za su yi maka, tun kunnenka yana jin magana mai laushi.

Daffon Zariya tsohon gida ne. Tun 1924 ake karɓar kurata a can, kuma barikin da yake ciki, Chindit, ya samo sunansa ne daga rundunar da kakanninmu suka yi yaƙi a cikinta a dazuzzukan Bama a 1944. Gidan da ya shekara ɗari yana mayar da ɗan kauye da ɗan birni soja ya san aikinsa, ba kai za ka koya masa ba. Ranar da ka shiga za a yi maka aski ƙwal kwabo, a raba ka da kayan gida, a ba ka kaki da lamba. Ba mai tambayar ɗan gidan wa kake. Ko jikan hakimi ne kai, kofur mai igiya biyu ya fi ka, in ya ce zauna a taɓo sai ka zauna. Za a tashe ka tun ladan bai farka ba, ka yi gudu, ka yi fareti har ƙafa ta kumbura a cikin but, ka kwance bindiga ka ɗaura, ka sake kwancewa, sai hannunka ya san ta ko a cikin duhu.

Abin da zai fi ci maka rai ba gudun ba ne. Wani ne zai makara, ko ya bar maɓalli a buɗe, sai a haɗa ku duka a yi muku gwale-gwale, tsallen kwaɗo da birgima a rana tsaka. Za ka ce zalunci ne, kai ba ka yi komai ba. Da gangan ake yi. So ake a kashe "ni" a bakinka a dasa "mu", har ya zama kai ke tashin na kusa da kai da asuba, kai ke duba masa maɗaurin takalmi, don ka san laifinsa a jikinka zai ƙare. Haka faretin nan da kake gani kamar wasa, hagu-dama, hagu-dama: ana koya wa jikinka ne ya amsa oda kafin zuciyarka ta yi shawara. A bakin daga, wanda aka ce ya kwanta ya tsaya tambayar dalili, gawarsa za a kawo.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ni dai na zauna a Ƙofar Ran na ga yaran unguwa sun tafi sun dawo, kuma zan ce maka horon nan yana taɓa mutum ƙwarai. Akwai wani yaro da uwarsa ta gaji da tashinsa sallar asuba, kullum sai rana ta haska ɗakinsa. Da ya zo hutun farko, ita ta farka ta tarar ya share tsakar gida, ya cika randa, ya naɗe tabarmarsa gefe da gefe sun daidaita. Aka kawo masa masa da miyar taushe, kafin ƙanensa ya wanke hannu ya cinye ya miƙe. In mahaifinsa ya kira shi, tsaye yake amsawa, hannuwa a manne da cinya. Ya ce ƙarfe huɗu zai zo, ƙarfe huɗu saura ka ji sallamarsa. A garin da ake kiran ɗaurin aure ƙarfe goma a ɗaura sha biyu, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai ribar da ta fi wannan. Daga kowace jiha ake ɗibar kurata, saboda haka kai da ba ka taɓa wuce Jos ba za ka kwana gado kusa da gado da Batibi da Bayarabe da ɗan Ibo da mutumin bakin teku wanda bai taɓa ganin rimi ba. Ranar da ƙafarka ta gaza a doguwar tafiya, wataƙila mai zuwa coci ne zai karɓi jakarka, kai ma ka raba masa ruwan gorarka. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan a rikicin 1991, mun san darajar yaron da zai dawo gida ya ce wa 'yan majalisarsu: ku yi shiru, na zauna da mutanen nan, ba haka suke ba. Wannan ilmin ka riƙe shi da hannu biyu.

To, yanzu ga inda nake tsoro.

Wanda aka wahalar wata shida ya jure, yakan fito yana ganin duk wanda bai sha wannan wahalar ba rago ne. Daga nan raina farar hula ke farawa. Yaron nan da na yaba maka, shi ne dai bayan shekara ya mari ɗan acaɓa a bakin titi a kan canjin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan acaɓan ya girme shi, yana da 'ya'ya, kuma tare suke sahu a masallaci. Ba wanda ya ba shi odar yin haka, kansa ne ya kumbura. Da magariba uwarsa ta yafa mayafi ta tafi gidan mutumin ba da haƙuri, tana tafe tana share hawaye. Shi ya koma bakin aiki, ita ta zauna da kunyar. Gwale-gwalen da aka yi maka an yi ne don a shirya ka yaƙi, kuma kai ka kai kanka. Dattijon da ka tsayar a shingen bincike bai cike fom ba, bai yi rantsuwa ba. In ka sa shi tsallen kwaɗo don direbansu ya yi maka gardama, ka sani sa'an ubanka ne, kuma harajinsa ne ya ɗinka kakin da ke jikinka. Mutane ba banza suke cewa soja marmari daga nesa ba.

Abu na biyu ya fi zurfi, shi ne biyayyar kanta. Kafin ka tafi, ka bi titin Ran ka shiga inda aka binne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka yi masa addu'a, ka kuma tambayi kanka yadda aka yi ya kwanta a nan. Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. A Kaduna, Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda shi kansa malamin horar da sojoji ne, ya fitar da yaransa da sunan atisayen dare da aka sa wa suna Damisa. Da yawa daga cikin ƙananan sojojin ba su san inda aka dosa ba sai da suka ga kansu a ƙofar gidan Sardauna. Ba miyagu ba ne tun asali. Yara ne irinka da aka koya wa amsa oda, aka kuwa ba su.

Abin ya girmi 1966. Rundunar da za ka shiga tana ƙirga asalinta daga 1863, lokacin da Laftana Glover ya tara mutum 18 a Legas aka kira su Hausawan Glover. Da sojojin Turawa suka shigo Bauchi a Fabrairun 1902 aka tuɓe Sarki Umaru, Turawan cikinsu 'yan ƙalilan ne, sauran baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa ake ba su oda. Irinsu ne suka buɗe wuta a Burmi a Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da jama'arsa. Horo ya koya musu harbi daidai, bai koya musu tambayar wa ake harbi ba. Har gobe ba zai koya ba, don ba aikinsa ba ne. Wannan guzurin daga gida ake tafiya da shi, daga wurin uwa da uba da malamin allo.

Kada ka ɗauka ina zuga ka ka zama mai taurin kai. Dokar soja ba wasa ba ce. A 2014, bayan sojoji sun harbi motar kwamandansu a barikin Maimalari da ke Maiduguri, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a ƙarshen shekarar ta yanke wa wasu 54 saboda ƙin fita yaƙi. Sai a Disamban 2015 aka mayar da hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In aka ce ka tafi Sambisa ko bakin tafkin Chadi, tafiya za ka yi, ko cikinka na kaɗawa. Amma dokar nan da kanta, odar da ta halatta ta wajabta maka bi, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa biyayya tana tsayawa inda saɓon Allah ya fara. Tsakanin "tafi ka yi yaƙi" da "harbi wannan da ya ɗaga hannu" akwai rata, kuma ranar da za ka buƙaci ganin ratar ba za a ba ka lokacin tunani ba. Tun yanzu za ka yanke wa zuciyarka abin da hannunka ba zai aikata ba.

Bayan faretin yaye, wahala ta gaske take farawa. Tun 2009 ake yaƙi a maƙwabciyarmu Yobe da kuma Borno, ga kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina. Waɗanda suka dawo daga can wasu barci ya ƙaurace musu, ƙarar faɗuwar kwano ta sa su zabura, su yi ta faɗa da iyali ba gaira ba dalili. A nan ne abokai za su ja ka mami, kasuwar bariki, a ce sha wannan ka manta, haɗiyi wannan ƙwayar tsoro ya fita. Tsoron yakan fita na awa biyu, hankali ya bi shi. In ka ji kanka ba daidai ba, ka je wurin likita ka faɗa, ba ragwanci ba ne. Kowane bariki akwai masallaci, akwai kuma limamai masu kaki irin naka. Ka san su, su san ka. Ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin aika mata.

Sai magana ta ƙarshe, wadda samari ba sa son ji. Cikin takardun da za ka cike akwai gurbin magaji, wato wanda za a nema in ta Allah ta kasance, wanda kuma haƙƙinka zai bi ta hannunsa. Kada ka cike shi a tsaye cikin layi, kada kuma zumuɗi ya sa ka rubuta yarinyar da ko sadakinta ba a kai ba. Zauna da mahaifinka ku tsayar da mutum mai amana, ka rubuta sunansa yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, da lambar wayar da ke aiki. Ranar da ka yi aure ko aka yi maka haihuwa, ka koma ofis a gyara.