Ranar da Saurayi Ya Fara Ka da Nama

Idan kaka ta wuce, hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe ƙayau, akwai abin da mazauna Gumbihini da sauran unguwannin Tamale suka saba gani da sassafe. Manyan motoci ne cike da samari da karnuka, kowa da gorarsa ko kulki, waɗansu da adda, kaɗan da bindiga, sun nufi hanyar Salaga ko ta Yendi ko ta Damongo. Da yamma su komo baƙi ƙirin da toka, ana ihu ana busa. A cikinsu ba a rasa yaro ɗan shekara 15 ko 16 wanda a ranar ce ya fara kashe nama da hannunsa, ko zomo, ko gyazbi, ko kuwa in ya taki sa'a, gada. Yakan rataya shi yadda kowa zai gani. Uwa ta yi guɗa, ƙanne su kewaye shi, uba ya yi murmushi ya ce ɗansa ya zama namiji.

Murnar nan ba laifi ba ce. Amma ya kamata a tambaya, wace nasara ce yaron ya ci? Gama abin da aka yaba wa mutum a ranarsa ta fari, shi zai riƙa nema har ya tsufa.

Kashe dabba domin abinci kam, ba a nan gardamar take ba. Wanda ya yanka kaza a gida ba shi da bakin zargin maharbi, har ma maharbi ya fi shi shan wuya, tun da kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tambayar ita ce, da wace hanya aka kashe, wanne aka kashe, kuma me aka bari.

A dā, a ƙasashen Dagwamba da Gwanja da zangunan Hausawa, saurayi ba ya zama maharbi a yini ɗaya. Yakan yi shekaru yana bin babansa ko maigidansa, yana ɗauke da jaka da goran ruwa, ba a ba shi kibiya ba. Yana koyon sawu: wannan na kanki ne, wannan na gwambaza, wannan na mariya, wannan na jiya ne, wannan kuwa raɓa ba ta sauka a kansa ba tukuna. Yana koyon iska, domin naman daji da hanci yake tsaron kansa, in ka biyo ta inda iska za ta kai masa warinka, ka yi asarar yininka. Yana koyon yin shiru, wanda ya fi kome wuya ga yaro. Sai bayan wannan duka a kai shi ga babban nama.

Babban naman da maharbi yake alfahari da shi a wannan daji, in an ɗebe giwa da ɓauna, shi ne namijin gwanki. Dabba ce mai tsayi kamar doki, nauyinta yakan wuce kilo 250, da dogayen kunnuwa da ƙahoni masu lanƙwasa baya. Ba ta da saurin tsoro, in an raunata ta takan juyo ta yi faɗa. Gwanki garke-garke yake tafiya, mata da 'ya'ya da babban namiji guda. Samarin maza in sun tasa sai a kore su, su koma yawo tare ko ɗai-ɗai. Mace takan yi wata 9 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta ɓoye shi cikin doguwar ciyawa har makonni, tana zuwa tana ba shi mama. Mace da namiji duka suna da ƙaho, saboda haka bambanta su daga nesa sai mai ido. To, a nan ne gwajin saurayin yake. Ya kwana biyu yana bin sawu, ƙishirwa ta kama shi, ƙaya ta tsattsage shi, ga garke a gabansa, wadda ta fi kusa da shi kuwa mace ce. Kibiya na kan tsarkiya. Maigidan ya taɓa kafaɗarsa, ya girgiza kai. Sai a sāke jira, wataƙila har rana ta faɗi a koma hannu wofi.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, kowane makiyayi ya san shi. Bafulatani yakan sayar da bijimi ya bar saniya. Namiji ɗaya ya ishi mata goma, amma wanda ya kashe mace ya kashe ta da ɗan da ke cikinta, da wanda ta ɓoye a ciyawa, da dukan waɗanda za ta haifa nan gaba. Littafin Maimaitawar Shari'a, a sura 22, ya hana wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya saki uwar. Malaman Musulunci kuma suna hana kashe dabba don wasa kawai. Maharban Asante har makoki sukan yi wa giwa da waɗansu manyan namun daji in sun kashe su. Ba dole mutum ya yarda da abin da suke tsoro na kurwar dabba ba, kafin ya ga hikimar da ke ciki: wanda zai yi wa abin da ya kashe makoki ba zai kashe goma a yini ɗaya ba.

Idan saurayin ya dace ya ka da namijin, aikin bai ƙare ba. In kibiya ko harsashi bai kama daidai ba, tilas ya bi jini har ya ƙarasa dabbar, ko da dare zai yi. Sa'an nan a feɗe, a raba. Cinya ta tafi gidan sarki ko mai ƙasa, wanda Dagwamba suke kira tindana, wanda ya taya ɗauka ya sami rabonsa, tsofaffin unguwa su ɗanɗana. Ta haka yaro ya gane tun ranar fari cewa daji ba na ubansa ba ne.

Yanzu a dubi farautar mota. An isa daji, an kewaye wani yanki, an cinna wuta. Duk abin da ke ciki ya fito a guje, makaho da hayaƙi, babba da ƙarami, mai ciki da mai shayarwa, karnuka su tare, gora ta sauka. Yaron da ya buge gada a nan, me ya koya? Bai bi sawu ba, bai karanta iska ba, bai zaɓi kome ba. Ko mace ce ko namiji, sai bayan ta mutu ya sani, in ma ya duba. Wutar ce ta yi farautar, shi dai ya ƙarasa. Ga shi kuwa sau da yawa faɗa kan ɓarke a kan wa ya fara bugu, har a yi wa juna rauni a kan zomo.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen dā duka waliyyai ne. Su ma sun yi farautar gayya, sun kuma ƙona daji. Rabin kamun kansu makamansu ne suka ɗora musu: baka ba ya cin nisa, adaka sai an daɗe ana ɗura mata albarushi, ƙafa ba ta kai mutum inda babur yake kai shi, dare kuma na namun daji ne tun da babu fitilar goshi. Mutane ma ba su da yawa. Yau waɗannan shingaye duk sun faɗi. Abin da rashin ƙarfi yake hana kaka, jika sai dai zuciyarsa ta hana shi, ko doka. Shi ya sa tarbiyyar maharbi ta fi zama dole yanzu, daidai lokacin da aka yar da ita.

Abin da ya biyo baya a rubuce yake. Wani bincike da aka buga a 2004, wanda ya bi lissafin ma'aikatan gandun daji 6 na Gana, ya nuna cewa tsakanin 1970 da 1998 yawan manyan namun daji iri 41, in an auna da nauyi, ya ragu da kashi 76 cikin 100. Wannan a cikin wuraren da ake tsaro ke nan. Dajin Mole, wanda ke wajen kilomita 140 yamma da Tamale, an keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 4,500. A can ne ɗan Gumbihini zai je in yana so ya ga gwanki ko giwa da idonsa. Amma ko a Mole, na'urorin ɗaukar hoto da aka girke daga 2006 zuwa 2009 ba su kama zaki ko ɗaya ba. Ƙa'idodin farauta na Gana sun sa gwanki cikin dabbobin da aka hana kashewa sam, sun hana taɓa ƙananan dabbobi da iyayen da ke tare da su, sun kuma rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da yawancin namun daji suke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai aka ware, shi ma da lasisi. A 1990 aka yi dokar hana ƙona daji, a 2023 majalisa ta zartar da sabuwar dokar namun daji. Watau irin nasarar da kakan yaron ya ci a kan namijin gwanki, yau laifi ce, domin waɗanda suka zo tsakani ba su bar masa kome ba.

Wannan hanya waɗansu sun bi ta sun dawo. A Amurka akwai wani babban naman daji da suke kira elk, dangin barewa, namijinsa yakan wuce kilo 300, yana da ƙahoni masu rassa waɗanda yake zubarwa kowace shekara su sāke tsirowa. An ƙiyasta sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa. Zuwa farkon shekarun 1900 ba su kai 100,000 ba, saboda harbin kasuwa. Sai aka hana sayar da namansu, aka tsai da lokacin farauta, a 1937 kuma aka yi doka wadda ta mai da harajin bindigogi da harsasai ga kiwon namun daji. Yau sun kai kamar miliyan ɗaya. A jihohi irin su Kolorado da Montana, yaro sai ya yi karatun farauta ya ci jarrabawa kafin a ba shi lasisi. Takardarsa ta faɗi ko namiji zai harba ko mace, a wane yanki, a waɗanne ranaku. Mata sai hukuma ta ƙidaya garke ta ga ya yi yawa kafin ta ƙara takardunsu. Wanda ya ɗauki ƙaho ya bar nama ya ruɓe, kotu ce za ta raba su. Yawancin masu fita kuwa hannu wofi suke komowa, har yaro ya yi shekaru kafin ya sami namijinsa na fari. Abin da maigida yake yi da taɓa kafaɗa, su da takarda suke yi. Ba kuma a rasa aibi a nasu: son babban ƙaho don a rataya a bango yana iya zama girman kai tsantsa, kuma garken da aka kwashe manyan mazansa duka shi ma ya cutu.

Wani zai ce, Ba'amurke a ƙoshe yake, ɗan Gumbihini kuwa gidansu a yi mako ba a ga nama a miya ba. Maganar tana da nauyi, binciken nan na 2004 ma ya tabbatar da ita, gama ya nuna cewa a shekarun da kifin teku ya yi ƙaranci a kasuwa, farauta takan ƙaru. Ba daidai ba ne mai cin nama kullum ya tsaya yana yi wa mai yunwa wa'azin tausayin zomo. Sai dai a duba wa yake biyan kuɗin wannan zomo. Wutar da aka cinna ba ta san iyaka ba. Takan ci shinkafar da ba a gama girba ba, da doyar da aka tara a gona, da kiwon shanu, ta ƙone ƙananan kaɗanya da ɗorawa waɗanda matan ƙauye suke dogara da su don kuɗin makarantar 'ya'yansu. Tsofaffi ba su manta 1983 ba, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu suka jefa Gana cikin yunwa. Matalauci ne yake cin zomon, matalauci ɗan'uwansa ne kuma yake asarar gonar. Shekara mai zuwa kuma motar sai ta ƙara nisa, kuɗin mai ya ƙaru, naman ya ragu.

Doka ba za ta iya bin kowace mota ba, ma'aikatan daji kaɗan ne. Inda abu ya yi kyau, mutanen wuri ne suka ɗauki nauyin da kansu, kamar a Wechiau, inda sarakuna da jama'arsu suka keɓe bakin kogin Baƙar Volta domin dorina, har baƙi suna zuwa suna biya su gani. Amma kafin a kai ga sarki, akwai zauren gida, inda yaro yake ajiye abin da ya kawo.

Uba yana iya karɓar naman, ya sa albarka, sa'an nan ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi. A ina ka same ta? Kai ka bi ta, ko wuta ce ta koro maka? Ka duba cikinta da aka feɗe? Gonar wa ke kusa da inda kuka cinna wutar, kun kuwa tsaya kun ga ta mutu? Yaro mai hankali zai ji nauyin waɗannan tambayoyi fiye da bulala.

Akwai kuma ɗaya yaron, wanda ya ga gada da ɗanta a gindin kalgo, ya ɗaga gora, ya sauke. Shi ba ya da abin ratayawa. A mota abokansa za su yi masa ba'a har Tamale, a gida babu mai guɗa, kuma babu wanda zai san abin da ya faru sai in an tambaye shi. Yawancin iyaye in sun ga hannu wofi sai su ce, "Allah ya kai mu gobe," su shige ɗaki.