DUTSE BAWAN ALLAH NE: WA'AZI A KAN HALITTAR NAHIYAR AFIRKA

Godiya ta tabbata ga Allah Makaɗaici, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya gudanar da koguna, ba tare da mataimaki ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, ku sani Allah Maɗaukakin Sarki ya umurce mu a cikin Suratul Gashiya mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, mu yi tunani a kan yadda aka yi su. To yau ƙasar da muke takawa za mu duba, watau nahiyar Afirka, domin wanda ya san asalin dutse ba zai ƙara durƙusa masa ba.

Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, Asiya kaɗai ta fi ta girma. Mafi yawanta tudu ne shimfiɗaɗɗe bisa tsohon dutse, kuma gabas da kudu sun fi yamma da arewa tashi. A Tanzaniya ga Dutsen Kilimanjaro, mita 5,895, da ƙanƙara a kansa alhali yana yankin da rana take da ƙarfi. A Jibuti kuwa ga Tafkin Assal, ya nutse kamar mita 155 ƙasa da bakin teku. Wanda ya ɗaukaka wancan shi ne ya ƙasƙantar da wannan.

Ya kai ɗan'uwa, ɗauki taswirar duniya ka dubi ƙusumbin ƙasar Birazil, sa'an nan ka dubi lungun tekun da Nijeriya da Kamaru suke. Za ka ga kamar ƙwarya ce aka fasa biyu. Masana labarin ƙasa sun bincika duwatsun ɓangarorin biyu suka tarar iri ɗaya ne. Sun tabbatar Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da ƙasar Larabawa da wasu a haɗe suke a dā, a dunƙule guda da suka kira Gondwana. Bisa ƙiyasinsu, fiye da shekara miliyan 100 ke nan da Amurka ta Kudu ta rabu da mu, Tekun Atlantika ya cika tsakani. A lokacin nan ne ƙasa ta fara tsagewa ta cikin Nijeriya, sai tsagar ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Ita ce kwarin da Kogin Binuwai yake bi yau.

Kada ka zaci aikin ya ƙare. Bahar Maliya da alhazanmu suke ƙetarewa tsaga ce, kuma har yanzu ƙasar Larabawa tana ja da baya daga Afirka, wajen santimita ɗaya kowace shekara. Tsagar ta gangaro ta Habasha da Kenya da Tanzaniya, a cikinta Tafkin Tanganyika yake, mai zurfin mita 1,470. A shekarar 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta buɗe baki tsawon wajen kilomita 60 cikin 'yan makonni. Ashe abin da kake gani kamar a kafe yake, tafiya yake yi da izinin Mai shi.

Mu dawo gida. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti, a ƙarƙashin teku ya taru, har ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Hamadar Sahara, wadda ta kai murabba'in kilomita miliyan 9, ta taɓa zama da ciyawa da tafkuna, shi ya sa mutanen dā suka sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse a Dabus, cikin jihar Agadas. A shekarar 1987 aka tono kwalekwale a Dufuna, wadda take jihar Yobe a yau, mai shekara wajen 8,000. Teku ya koma tudu, dausayi ya koma rairayi. Wane ne zai dogara da abin da yake juyawa haka?

To jama'a, ga inda maganar take. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda ake taruwa a gindin Dala ana yanka baƙaƙen dabbobi. Yanka ga duwatsu da itatuwa yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kansu tun kafin jihadin 1804. Amma wallahi har yau akwai saurayin da zai yi sallar asuba, da dare boka ya aike shi gindin dutse da baƙin zakara, wai don ya ci jarrabawa ko ya sami aiki. Subhanallahi! Dutsen Zuma da Kufena ta Zariya narkakken dutse ne da ya sandare can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta share abin da ya rufe shi har ya bayyana. Abin da bai iya hana ruwan sama zaizaye shi ba, ta ina zai ba ka arziki? Ko Hajarul Aswadi, da Sayyidina Umar ya zo sumbantarsa, sai da ya bayyana cewa dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Manzon Allah kaɗai ya sa shi yi. Yanka ibada ce, wanda ya yi ta ga wanin Allah ya yi shirka, kuma wanda ya mutu a kan shirka bai tuba ba, ya tafi da hasarar da ba ta da magani.

Ku dubi kuma Tafkin Nyos na Kamaru. A watan Agusta na 1986 wata iska mai shaƙe numfashi ta taso daga cikinsa da dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa. Tafkin a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, iskar daga ƙasa take taruwa a gindin ruwan. Maganin da aka yi shi ne kafa bututu tun daga 2001, yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne riƙon sababi da shari'a ta yarda da shi: ka nemi ilimi, ka yi aiki, ka dogara ga Allah.

Saura gargaɗi biyu. Kai da ka karanta wannan a makaranta har ka fara cewa duniya ita ta yi kanta, ka ji tsoron Allah. Sanin yadda magini ya jera tubali ba ya kore magini. Kai kuma da kake cewa karatun labarin ƙasa kafirci ne, ka koma ka karanta Suratul Gashiya. In muka guje wa wannan ilimi, wasu ne za su zo su gaya mana inda ruwanmu da ma'adinanmu suke, mu kuwa muna kallo.

Duwatsun nan duka, daga Dala har Kilimanjaro, Alƙur'ani ya ba mu labari za a sheƙe su ranar alƙiyama, mu kuma a tsayar da mu a tambaye mu wa muka bauta wa. Allah ya tsare mu daga shirka, babba da ƙarama, ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kashe mu a kan tauhidi da sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.