Ɗaukar Nauyin Karatun Ɗan Talaka: Magana Ga 'Yan Kasuwarmu

  

Ya 'yan'uwa, an koma makaranta makonni ke nan, amma duk wanda ya zauna a ƙofar shagonsa a babbar kasuwar Jimeta da misalin ƙarfe goma na safe zai ga yaran da ya kamata a ce suna cikin aji. Wannan na tura baro, waccan da faranti a ka, wancan yana bin motoci da ruwan leda a tashar Jambutu. Mukan ce 'ya'yan wasu ne. To, a tsaya a tambayi yaron gidan su, sai a ji Luggere, ko Rumde, ko Nassarawo, ko Limawa, sai a ji sunan uban da muke haɗa sahu da shi a masallacin nan. Mu da iyayenmu muka baro Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Maraɗi da Damagaram don neman halali, Allah ya buɗa wa wasu, wasu kuma har yau suna fama. 'Ya'yan waɗanda ke famar ne ke yawo a gabanmu.

Abin da ake saurin faɗa shi ne, ai makarantar gwamnati kyauta ce, sakacin iyaye ne kawai. Gaskiya ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Gaskiya ne kuma tun zuwan Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri a 2019 gwamnatin jiha ta ɗauki biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na ɗaliban makarantunta. Mun gode, an rage wa iyaye nauyi. Sai dai wanda bai taɓa shirya yara biyar zuwa makaranta da aljihu wayam ba bai san abin da ke ƙarƙashin kalmar "kyauta" ba. Akwai yunifom, akwai takalmi da jaka, akwai littattafan rubutu na kowane darasi, akwai ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai kan nema. Akwai kuɗin Keke zuwa da dawowa, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Akwai abin karyawa, domin yaron da ya fito da yunwa, zuwa sha ɗaya ba ya jin malam.

Akwai kuma babban cikinsu, wanda ba a rubuta shi a kowane rasit: kuɗin da yaron zai kawo gida in bai je makarantar ba. Uwar da ke soya awara ko dafa alala a cikin gida, ɗiyarta ce kasuwarta. Ranar da yarinyar ta tafi aji, ranar babu ciniki, kuma daga cinikin nan ake cefanen dare, daga shi ake zubin adashin da za a yi mata kayan ɗaki. Wanda ya ce wa wannan baiwar Allah ta daina ɗora talla bai kawo mata madadi ba, surutu kawai ya yi.

Kuma yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yau an koro shi saboda takalmi, ya yi kwana uku a gida. Wani makon uban ya kwanta zazzaɓi, aka ce ya je ya tsare teburin. Ya dawo an wuce shi, aka yi gwaji ya faɗi, 'yan aji suka yi dariya. Zango na gaba da kansa zai ce ba ya so, uban kuma, da ma nauyi ya yi masa yawa, sai ya yi shiru. In aka bi diddigi, abin da ya fitar da yaron bai kai ribar da wani Alhajinmu ke samu kafin azahar ba. Wani lokacin kuma masifa ce ta dare ɗaya. Ambaliyar watan Yulin 2025 da ta shiga Shagari Low Cost da Yolde Pate da Sabon Pegi ta tafi da rayuka, Allah ya ji ƙan su, ta kuma tafi da katifu da buhunan abinci da littattafan yara. Gidan da ya rasa komai, littafi ne ƙarshen abin da zai sake saya.

Addininmu bai bar wannan a hannun gwamnati kaɗai ba. Kowa a nan ya san hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya haɗa manuniyarsa da yatsan tsakiya don nuna kusancinsa a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. Suratul Ma'un kuwa ta lissafa tunkuɗe maraya da rashin kwaɗaitar da ciyar da miskini a cikin alamun mai ƙaryata ranar sakamako. A lura, miskini ma yana ciki. Akwai yaron da ubansa ke raye amma ciwo ya kwantar da shi, ko jari ya karye, ko ya tafi ci-rani shekara biyu babu aike. Ba a kiransa maraya, don haka masu rabon Ramadan kan tsallake shi, alhali halin da yake ciki ɗaya ne.

Game da karatu kuwa, ku tuna abin da aka yi bayan yaƙin Badar. Fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, aka ce kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu, shi ne fansarsa. A lokacin Musulmi na cikin tsananin buƙatar dukiya, amma aka karɓi koyar da yara a madadin kuɗi, kuma daga hannun waɗanda ba Musulmi ba. Garin nan da muke zaune ma malami ne ya kafa shi. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, kuma "modibbo" da Fulatanci malam ake nufi. Masu cewa karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, su je su tambayi tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙarshen Oktoban 2014 da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, bayan Madagali da Michika, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore, cocin St. Theresa ma ta karɓi mutane, amma mafi yawansu gidajen mutane suka sauka. Akwai masu karanta wannan takarda da suka kwana da baƙi ashirin a gida mai ɗaki uku. Wato mun iya ɗaukar nauyi in abin ya zo da ƙara. Wahalar ita ce nauyin da ba ya ƙara, irin na yaron da ya daina zuwa aji shiru babu wanda ya sani.

A shekarun nan ne Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, AUN, ta fara shirin Feed and Read a 2015, inda ake ba almajirai abinci sau ɗaya a rana tare da koya musu karatu da lissafi, daga baya aka buɗe na 'yan mata. Abin lura a shirin shi ne an haɗa kwano da allo. Sun gane yaron da bara ce abincinsa ba zai zauna ya koyi baƙi ba sai an cire masa tunanin ciki. A jihohin Sakkwato da Neja kuma, tsakanin 2014 da 2016, UNICEF da gwamnatocin jihohin sun riƙa ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku kan kowace yarinya don ta je makaranta, kuma rajistar 'yan mata ta ƙaru. Kuɗin a hannun uwa aka sa shi, domin ita ce ke asarar talla. A ƙasashen waje ma an bincika. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2013 ya bi manyan da aka ɗauki nauyinsu suna yara a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Uganda da Indiya, aka ga sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin nasu ta Kirista ce. Mu da aka yi wa alkawarin maƙwabtaka da Annabi, me muke jira?

To, yaya ake yi? Mu a kwamitin masallaci abin da muka fi so shi ne mutum ɗaya, yaro ɗaya, har ya gama. Buhun shinkafa da azumi alheri ne, Allah ya karɓa, amma makaranta zango uku ce a shekara, kuma ba ta san Ramadan ba. Uwar muminai A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Wanda ya ware naira 500 kullum a gefen akwatin ciniki, a wata ya tara 15,000, a zango 45,000. Wanda ba zai iya shi kaɗai ba, ku haɗu ku uku a layinku, masu atamfa ko masu hatsi ko masu kayan gyaran mota. Kuɗin yunifom a kai wa tela, na littafi a sayo littafin, abin da makaranta ta nema a biya a karɓo rasit. Wani kaso kuma a ba uwar a hannu duk mako a matsayin madadin talla, da sharaɗin yarinya ba za ta ɗauki faranti ba sai an tashi. Kada a ga kamar rashin yarda ne da iyaye. Gidan da babu abinci, duk kuɗin da ya shiga tukunya zai faɗa, kuma ko mu ne haka za mu yi.

Ƙarshen zango a nemi takardar sakamako, a zauna da yaron minti goma. Wallahi wannan zaman wani lokaci ya fi kuɗin aiki. Yaron da ya san akwai wani babba a kasuwa da zai tambaye shi na nawa ya zo, tafiyarsa makaranta daban ce.

Masu tambaya ko zakka ta shiga: malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ba ka ba da zakka ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, wato matarka da 'ya'yanka da iyayenka mabuƙata. Ɗan ƙaninka ko ɗan 'yar'uwarka matalauci ba ya cikin waɗannan, kuma ba shi lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. Yadda za a miƙa ta dai, a tuntuɓi Liman.

Yanzu ga inda muke so a buɗe kunne, domin a nan alheri ke lalacewa. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ɗaukar hoton yaro riƙe da jaka a sa a Facebook, ko kiran ubansa a gaban jama'a ana lissafa masa abin da aka kashe, duk gori ne ko da da murmushi aka yi. Yaron da ka ɗauki nauyinsa bai zama yaron shagonka ba. In kana son ya koyi kasuwa ranar Asabar, ku yi magana da ubansa, ka biya shi ladan aikinsa daban. Bai kuma zama ɗanka ba, Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, kuma hukuncin muharrama na nan yadda yake. Abu na gaba da nauyin faɗa, amma sai mun faɗa: wanda ya biya wa yarinya makaranta yana lissafin in ta kai aji biyar zai turo a tambaya masa, wannan ba sadaka ya yi ba, kuma iyayen da ya ɗaure da kunya ba za su iya ce masa a'a ba. Kwamiti ba zai karɓi irin wannan ba. Shi ya sa duk abin da ya shafi 'yan mata ta hannun iyayenmu mata na Islamiyya zai bi.

Haka nan kar saɓani da uba ya sa a yanke wa ɗa. Sayyidina Abubakar yana ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu, sai Misɗahu ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina ba shi. Aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Wannan fa wanda ya taɓa mutuncin 'yarsa ke nan. Mu kuwa don uban yaro bai zo ɗaurin aurenmu ba, ko ya bi wani ɗan takara daban, sai a ji an ce bana babu hali.

Akwai masu cewa, masu digiri ma ga su nan suna tuƙa Keke, me boko zai ƙara? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, aikin gwamnati ya yi wuya. Amma kasuwar yau ta alat ce da POS da takardar kwastan a hanyar Garwa, kuma mun san 'yan'uwan da aka cuta da alat na ƙarya don ba su iya karanta saƙo ba. Kullum kuma muna ƙorafin matanmu sun je asibiti namiji ne ya duba su. Nas da ungozomar da muke so mu tarar, yau tana aji uku na ƙaramar sakandare, in ba a cire ta ba. Islamiyya da allo kuma suna nan da yamma da ƙarshen mako, babu wanda ya ce a bar su. Yaron da muke ɗaukar nauyinsa, sharaɗi ne yana zuwa duka biyun.

Littafin rajista yana ofishin sakatare bayan sallar La'asar, Asabar zuwa Laraba. Sunayen yaran ba za a karanta su a lasifika ba, ba kuma za a liƙa a bango ba, daga Liman sai ma'aji sai wanda ya ɗauki nauyi. Iyayen da ke da buƙata amma suna jin nauyin zuwa, su sanar da Liman a keɓe, mata kuma su sanar da shugabar Islamiyya. Za mu fara da 'yan aji shida na firamare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, domin a waɗannan matakai biyu aka fi zubewa. Masu niyya su zo ranar Lahadi bayan La'asar, teloli biyu daga cikinmu za su kasance a wurin don ɗaukar awo.

Sakataren Masallaci