Sabon Akwati da Tsohon Kwayil

Duk wanda ya riƙe tsohon babur na Ingila, irin Triumph Bonneville na 1969, akwai ranar da zai yanke hukunci a kan kwantak. Kwantak ɗin nan na kamfanin Lucas 'yan ƙarafa ne da ke haɗuwa suna rabuwa sau dubbai a minti guda, kuma a daidai lokacin da suka rabu kwayil ke sakin wutar da ke tsallaka bakin fulogi ta kama fetur. Suna cinyewa, suna yin baƙi, ratarsu ta inci 0.015 tana gocewa, saitin wuta ya bi ta. Maganin da aka daɗe ana sayarwa shi ne a cire su, a sa ɗan akwatin lantarki irin na Boyer Bransden ko Pazon, da maganaɗisu biyu masu juyawa a gurbin kwantak. Babu ƙarfen da ke gugar wani, don haka babu abin da zai cinye.

Na sa akwatin a nawa babur ɗin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar kwayil. Babur ɗin ya zo da kwayil biyu masu bolt 12, kowanne da silindarsa da kwantak ɗinsa. Akwatin kuwa hanya ɗaya gare shi: yana harba fulogi biyun tare, ɗaya ya kunna mai, wutar ɗayan ta tafi a banza cikin hayaƙin da ke fita. Dole ke nan a jera kwayil biyun, wuta ta ratsa wannan ta shiga wancan. In tsoffin ka jera, kowanne turjiyarsa kusan om 4, sun zama 8, rabin abin da suka saba sha kawai zai kai musu. Babur zai tashi, amma murɗa masa mai a hawa ka ji yana tari. Abin da ya dace shi ne kwayil biyu masu bolt 6, jimillarsu ta dawo wajen om 4. Ɓarnar da ta fi wannan tana ɗaya gefen, inda mutum zai ɗauko kwayil na CDI irin na baburan yau, wanda turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba. Bolt 12 a kan rabin om, amfiya 24 ke nan, a hanyar da aka gina don uku ko huɗu. Akwatin zai ƙone.

Masu son kayan asali suna cewa da zarar ka cire kwantak, babur ya daina zama wanda ya fito daga masana'antar Triumph ta Meriden. Tsohuwar gardama ce. Fulutak, marubucin Girka, ya kawo ta a kan jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka yi ta sauya wa katako. Ba ta taɓa ci mini tuwo a ƙwarya ba, domin taya da zoben fistan da fulogin babur mai shekara sama da hamsin duk an sauya su, ba wanda ya ce ya zama wani.

Wanda ya fi taimaka mini shi ne Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rayu a Masar ya rasu a 1285. A littafinsa Al-Furuƙ ya raba manufa da hanyar da ke kaiwa gare ta, ya kuma nuna cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa in al'adar ta sauya. Ban ce injin babur fiƙihu ne ba, Allah ya tsare ni da wasa da wannan. Amma ma'aunin hankalin ɗaya ne. Manufa a nan ita ce wuta ta faɗo digiri 38 kafin fistan ya kai ƙoli in injin ya ɗau gudu. Kwantak hanya ce, akwati ma hanya ce. Sai dai Ƙarafi bai tsaya ga ba da damar sauyi ba. Ya ɗora wa mai fatawa nauyin tambayar al'adar garin mai tambaya kafin ya buɗe baki. Wannan rabin ne masu gaggawar sabuntawa suke tsallakewa, a gareji da wajen gareji. Wanda ya ƙona akwati bai yi laifi don ya so sabo ba. Laifinsa bai ɗora mita a kan tsohon kwayil ya ji me yake ɗauka ba.

Duk da haka akwai inda wannan rabon na manufa da hanya bai ishe ni ba. Wani dattijon bakanike da na nuna wa aikin ya juya akwatin a hannunsa ya ce, "To ɗana, in wannan ya mutu maka a daji, ina za ka buɗe?" Na ce, "Baba, ba a buɗe shi." Haka abin yake: an toshe shi ruf, ba a gyara shi sai sauyi, kuma in batir ya yi sanyi saitinsa na iya gocewa har kik ya doke ka a ƙafa. Kwantak kuwa da 'yar takardar yashi da sukundireba kake tashe shi a bakin titi. Yana ba da wahala, amma cikin wahalar yake koya wa mai babur yadda injinsa ke numfashi. Ashe hanya na iya ɗaukar wani alheri da ba a rubuta shi cikin manufa ba, kuma ba ka ganinsa sai ka cire ta. Ilimin da yake hannun mai hawa ya koma hannun wanda ya ƙera akwatin a wata ƙasa.

Shi ya sa na ɗauki babur ɗin a matsayin amana, domin ya riga ni zuwa kuma mai yiwuwa ya wuce ni. Ban huda firam ba, ban yanke asalin wayoyinsa ba, na ƙara nawa ne a gefe. Farantin kwantak da kwandansa da kwayil biyun nan masu bolt 12 na shafe su da mai na ajiye, da takarda mai bayanin wace waya ke zuwa ina, don wanda zai gaje shi ya iya mayar da komai cikin yini guda in ya ga ra'ayina bai yi masa ba.