Hannu Biyu a Ƙirji

Duk shekara idan Janairu ya kama, wayata ba ta hutawa. Ranar 15 ga wata ake rufe karɓar fom ɗin shiga firamare a nan Ingila, kuma da yake an san yarana biyu makarantar Katolika ta unguwarmu na kai su, sai kowa ya ɗauka amsar tana wurina. Tambayar ɗaya ce, kowa dai da yadda yake lulluɓe ta: "Yaya, wai babu matsala? An ce suna da tarbiyya, amma addinin nake tsoro." Wataƙila ke ma fom ɗin yana gabanki yanzu, ko kuma kai maigida aka bar wa yanke hukunci. Ba fatawa zan ba ku ba, ni nas ce, ba malama ba. Abin da na sani shi ne, wannan rabon da muke yi a baki, mu ɗauki tarbiyya mu ajiye musu addininsu, na gwada shi shekara tara ban ga ya rabu ba.

Bari in fara da yadda makarantar take, don da yawanmu ba mu karanta takardun da muke sa wa hannu. Ba a biyan ko kwabo, gwamnati ke biyan malamai, tsari ne da ya samo asali daga dokar ilimi ta 1944. Amma makarantar ta coci ce. Bishop ne ke naɗa mafi yawan 'yan kwamitin da ke tafiyar da ita, shugabar makaranta sai 'yar Katolika mai riƙe da addininta, kuma kashi 10 cikin 100 na lokacin karatu na darasin addini ne. Wajen ɗaukar yara, masu takardar baftisma ake fara dubawa, mu sai in gurbi ya ragu. Akwai gicciye a bangon kowane aji, ana addu'a da safe, ana yi kafin cin abinci, ana yi kafin a tashi. Babu abin da suka ɓoye mana. Mu ne muke kawar da kai.

To me ya ja mu? Ladabi. Ki shiga harabar ki ga yara cikin yunifom tsaf, yaro ya riƙe miki ƙofa, ya gaishe ki. Da farko na ɗauka tsanani ne kawai, irin na makarantun mishan da iyayenmu ke ba da labari, kamar Queen of Apostles ta Kaduna kafin gwamnati ta karɓe ta a shekarun 1970 ta koma Queen Amina. Amma nan babu bulala, tun 1987 aka hana duka a makarantun gwamnati. Sai da na daɗe ina kai yara ina ɗauko su kafin na gane daga ina abin yake fitowa.

Matar da ke zuba wa yara abincin rana ita ce ke jera furanni a coci ranar Lahadi, jikanta yana aji ɗaya da ɗana. Fada ya san yaran da sunayensu, shi ya yi wa wasu baftisma, shi ya binne kakannin wasu. Yaron da ya yi rashin kunya ranar Juma'a, jibi zai haɗu da malamarsa a bakin ƙofar coci, uwarsa tana tsaye. Kin gane wannan, ko? Unguwarmu ce ta da, lokacin da ɗa na kowa ne, maƙwabciya ta tsawata miki kafin labari ya kai gida. Abin da muka baro ke nan muka zo ƙasar da ba ki san sunan wanda kuke raba bango da shi ba. Su cocinsu ne ya riƙe musu shi. Ki cire cocin, idanun da ke kan yaron sun watse.

Akwai abu na biyu, shi ya fi taɓa ni. Wata rana ɗana ya ture wani yaro a filin wasa har ya fasa leɓe. Na baro wurin aiki a guje, zuciyata tana tafasa. Na tarar an riga an zaunar da shi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba tare da "ai shi ya fara" ba, ya nemi gafara, an hana shi wasa kwana biyu. Da na ɗauko zancen a mota sai ya ce, "Mama, ai an yafe min." Kuma da gaske, babu malamin da ya sake tayar da maganar. Wannan ba dabarar koyarwa ba ce da suka tsinta a littafi. Tun suna shekara bakwai ake koya wa 'ya'yansu zuwa gaban Fada su furta laifinsu, su tuba, a sallame su, magana ta mutu. Aƙidarsu ce ta gangaro filin wasa. Na ji kunya ranar, domin mu ma muna da tuba a addininmu, har ya fi kusa tunda babu kowa tsakaninka da Ubangijinka, amma a gidajenmu yaro zai fasa kofi a yi masa gori har ya yi aure.

Yanzu ga kuɗin da ake biya, kuma ba ke za ki biya ba, yaron ne. A aji uku ake shirya 'ya'yan Katolika karɓar Jibin Ubangiji karo na farko. Watanni ana zancen fararen riguna da walima. 'Yata ta fari, wadda kunya ba za ta bar ni in rubuta sunanta ba, tana da shekara bakwai. Idan an kai su coci, wanda ba ɗan Katolika ba yana da zaɓi biyu: ya zauna a benci, ko ya bi layi ya harɗe hannu biyu a ƙirji, alamar ba zai karɓa ba, Fada ya sa masa albarka kawai. Ta tambaye ni wata safiya, na dawo daga aikin dare idona yana rufewa, "Mama, in tashi ko in zauna?" Na ce ki zauna mana, na ja bargo. Bayan wata biyu wata uwa ta ce min, cikin yabo ma, ta ga 'yata a layi hannu a ƙirji, gwanin sha'awa. Da na tsare ta da dare, ba ta musa ba. Ta ce, "Ni kaɗai nake ragewa a benci, kowa yana juyowa yana kallona."

Na so in yi faɗa, amma da wa? Ni na kai ta. Na ɗora wa 'yar shekara bakwai kayan da ni kaina ban taɓa ɗauka ba, ni da na tashi a garin da ladan ke tashin kowa, sannan na ba ta amsar kalma biyu na yi barci. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga darasin addini da ibadar makaranta, mun yi tunanin hakan. Sai muka ga keɓewar ce dai za ta ƙaru. Muka je wurin shugabar makarantar ni da babansu. Ba ta yi gardama ba, ta haɗa yaran da ba sa tashi a benci ɗaya tare da wata malama. Babban gyaran a gida aka yi shi: sallar magariba ta koma jam'i duk ranar da nake nan, muka ɗauki Suratu Maryam da fassara muna bi a hankali, muna nuna musu inda muka haɗu da mutanen nan da inda hanya ta rabu. Muna girmama Maryam, suna girmama ta. Mu Annabi muke cewa, su Ɗan Allah suke cewa. Ba mu rage wannan bambancin ba don a ji daɗi.

A nan ne nake da magana da mu kanmu. Akan ji labarin masu zuwa coci na 'yan watanni don Fada ya sa musu hannu a fom. Wannan ƙarya ce tsirara, ba sai na tsaya a kanta ba. Wadda ta fi yawa ita ce mai lulluɓi: da safe ki miƙa ɗanki ga mutane ki ce ya yi musu biyayya, da dare ya ji ki a waya kina kiransu da sunayen raini kina dariyar ibadarsu. Me kika koya masa? Ko dai ya koyi murmushi ga hannun da ke ba shi yana zaginsa a zuci, wato munafunci, ko kuma ya duba malamar da ta share masa hawaye jiya ya yanke cewa uwarsa ba ta faɗin gaskiya. In ya yanke haka a kan wannan, zai yanke a kan sallar asuba ma. Ana iya cewa "ba mu yarda da wannan ba" ba tare da tofar da yawu ba. Su ma cocinsu ya rubuta a 1965, cikin takardar Nostra Aetate, cewa yana kallon Musulmi da girmamawa, kuma a shekara tara ban ji wani malami ya ce wa 'ya'yana su sauya addini ba.

Amma kada wannan ya sa ki saki jiki. Wanda ya shiga kogi ba sai an watsa masa ruwa ba. Na sha jin waƙoƙin cocinsu suna fitowa daga banɗakin gidana. Wata ƙawata a Birmingham ta ƙi kai nata, ta ce ƙaramin yaro ba shi da garkuwa, abin da ya rera shi ke zama. Ban iya kayar da hujjarta ba. Abin da kawai na ce mata, makarantar da ba ruwanta da addini ita ma ba fanko ba ce, a can mai ibada shi ne baƙo. A Maris ɗin 2025 azuminmu ya haɗu da nasu na kwana arba'in; ɗana yana azumin rabin yini, abokansa suna yawo da toka a goshi, kowa ya bar wani abu saboda Allah, babu wanda ya ga wani a matsayin mahaukaci. Wannan ma wani abu ne.

Idan ke da maigida duk aikin dare kuke yi, kuma kin san babu wanda zai zauna da yaron da magariba ya amsa masa tambayoyin da zai kwaso, ki sake tunani kafin ki cike fom ɗin nan. Za su yi nasu aikin kullum, da tsari, da mutanen da suka yarda da abin da suke yi. Islamiyyar Asabar ta awa biyu a zauren haya ba za ta yi gogayya da wannan ita kaɗai ba.

Babbar ta gama, tana sakandaren da ba ta coci ba, ita ta zaɓa. Autan kuma ya kafe sai ta Katolika, can abokansa za su. Ranar 31 ga Oktoba za a rufe karɓar fom ɗinsu. Babansu ya ce a'a, yaro ya fara girma, ya isa haka. Ni har yanzu ban ce komai ba.