Wanda Ya Ƙi Aiki Da Wanda Ya Rasa Aiki

A ranar 4 ga Yuli, 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi. Cikin abubuwan da dokar ta taɓa akwai shirin taimakon abinci mai suna SNAP, wanda tushensa wata doka ce ta shekarar 1964. A lokacin, kimanin mutum miliyan 42 ke cin moriyarsa, wato ɗaya cikin kowane mutum takwas a ƙasar. Gwamnati takan zuba kuɗi a kati kowane wata, mai katin ya je kanti ya sayi abinci, rabon mutum ɗaya kuwa kamar dala 6 ne a rana. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta cewa dokar za ta rage wa shirin kimanin dala biliyan 186 cikin shekara 10.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ragewar ita ce tsananta sharaɗin aiki. A da, baligi mai lafiya marar yara, wanda bai wuce shekara 54 ba, sai ya nuna shaidar aiki ko koyon sana'a na awa 80 a wata. In ya kasa, taimakon wata 3 kawai zai samu cikin shekara 3. Sabuwar dokar ta kai iyakar zuwa shekara 64, ta kuma haɗa da iyayen da autansu ya cika shekara 14.

Masu goyon bayan wannan mataki suna da hujjar da ba ta cancanci raini ba. Suna cewa kuɗin gwamnati gumin masu biyan haraji ne, kyauta marar iyaka kuma tana kashe zuciya. Waɗansunsu sukan kafa hujja da gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa masu zaman banza a ikkilisiyar Tasalonika. Hakika zomo ba ya kamuwa daga zaune, aiki kuma mutunci ne ga ɗan adam.

Amma Bulus ya yi magana ne a kan mutumin da ya ƙi aiki da gangan. Tsakanin ƙin aiki da rasa aiki akwai tazara mai yawa, takardar ofis kuwa ba ta iya ganinta. Mace mai shekara 60 da ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwar yini, da ma'aikacin kantin da aka rage wa awoyi ba da sonsa ba, da wanda ya yi aikin amma ya kasa kai shaida a kan lokaci, duk sanda ɗaya ce take dukansu tare da malalaci. Shin adalci ne a hukunta mutum goma domin a kama ɗaya?

Yunwa kuma ba ta tsayawa a ciki. Gidan da aka yanke wa kuɗin abinci yakan taɓa kuɗin haya, ko ya fasa sayen magani, ko ya ci bashi. Yaron da ya tafi makaranta bai karya kumallo ba, hankalinsa ba ya zama a kan allo. Mai kantin unguwa ma yakan ji a jikinsa, gama cinikinsa ne ya ragu. Ta haka talaucin da aka so a kora da horo yakan ƙara samun wurin zama.

Akwai masu cewa ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin jinƙai za su cike gurbin. Ƙungiyar Feeding America, wadda ke haɗa rumbunan abincin sadaka na ƙasar, ta sha bayyana cewa duk abinci ɗaya da rumbunanta suka bayar, SNAP yana ba da tara. Hannun mai kyauta yana da albarka, amma ba ya kai inda baitulmali yake kaiwa.

Wannan al'amari ya iso har Nijeriya. A shekarar 2025 ce gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, waɗansu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. A watan Yuli na shekarar, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, tare da rufe cibiyoyin ciyar da yara fiye da 150 a jihohin Borno da Yobe. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira bai ƙi aikin kowa ba. Wannan kuma tuni ne ga hukumomin gida cewa ciyar da nasu ba nauyin baƙo ba ne.

Shari'ar kala da ke cikin Littafin Firistoci ta haɗa abubuwa biyun da 'yan siyasa suke rabawa. Mai gona ba shi da izinin girbe gefen gonarsa ƙaf, matalauci kuma shi zai sunkuya ya tsinta da hannunsa, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. An kiyaye mutuncin aiki, aka kuma mai da rabon matalauci hakki, wanda bai rataya a kan son ran mai dukiya ba.

Gwamnati tana da ikon toshe ɓarna da daidaita kasafinta. Amma kafin ta rage abincin talaka, wajibi ne ta amsa tambaya guda: wane ne zai kwana da yunwa, kuma da wane laifi? A watan Satumba, 2025, ma'aikatar gona ta Amurka ta sanar da daina fitar da rahotonta na shekara-shekara a kan gidajen da ke fama da ƙarancin abinci. Daina ƙidaya mayunwata ba ya ƙosar da ko ɗaya daga cikinsu, kuma Allah wanda ke jin kukan matalauci bai daina ƙidayarsu ba.