Fuska da Takarda Ba Su Ne Mutum Ba

A shekarar 1935, fim mai magana bai cika shekara goma da kafuwa a Amurka ba, John Ford ya shirya wa kamfanin Columbia fim ɗin barkwanci mai suna The Whole Town's Talking. Edward G. Robinson ya fito a matsayin mutum biyu: Arthur Jones, akawu mai sanyin hali, da Mannion, ɗan fashi mai kisan kai da ya tsere daga kurkuku. Kamanninsu ɗaya kamar an tsaga kara. 'Yan sanda suka cafke Jones bisa kuskure, da gaskiya ta bayyana sai aka ba shi takardar shaida cewa shi ba Mannion ba ne. Labari ya bazu a jarida, Mannion ya diro ɗakin Jones ya kafa masa sharaɗi: Jones ya riƙe takardar da rana, shi ya karɓa da dare ya fita ta'asarsa.

A nan dariya ta taɓo tsohuwar tambaya: da me ake gane mutum? Fuska ta gaza, tun da ita ta jawo kamun. Takarda ma ta gaza, domin duk wanda ta shiga aljihunsa shi take wankewa. Abin da ya rage shi ne hali da aiki. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya nuna cewa Allah zukata da ayyuka yake dubawa, sura da dukiya ba su ne ma'auninsa ba. Hollywood ba wa'azi ta nufa ba, amma labarin can ya dosa.

Wani zai ce ai ɗan sanda ba ya ganin zuciya, dole ya dogara da fuska da takarda. Haka ne, gari ba ya zaunuwa babu shaida. Sai dai shaida alama ce kawai, kuma ɓarnar ta fara ne lokacin da aka daina tambaya da zarar an ga hatimi.

Akwai suka mafi nauyi. A ƙarshen fim ɗin yaran Mannion sun ɗauki Jones a matsayin ubangidansu, shi kuwa ya bar su a kan kuskurensu, ya sa suka harbe Mannion na gaskiya suna zaton akawun ne. To ina halin da aka ce shi ne mutum, tun da salihin ma ya iya magana da bakin mugu? Amsata ita ce hali ba tambari ba ne da aka buga sau ɗaya. Kowane zaɓi yana ƙara masa ko ya rage. Jones ransa ya ceta daga masu shirin kashe shi, wannan uzuri ne mai ƙarfi. Amma umarnin daga bakinsa ya fito da saninsa, kuma aron fuskar wani ba ya mayar da alhaki kan mai fuskar. Fim ɗin ya wuce wurin da sauri domin a tashi da dariya. Ni a ganina wannan aiki na Jones ne, a kansa za a rubuta shi.